Motar Saura Kiris

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana miƙa kayan gyara ta wata 'yar taga a siton wani kamfanin manyan motoci. Bakanike zai zo da hannu duk baƙin mai ya ce a ba shi kaza, shi kuwa ko dubawa ba ya yi, sai ya miƙa hannu zuwa kanta ta uku, layi na biyu, ya ɗauko. Ya san sunan kowane noti da kowace kusa, ya san wanda ke shiga ramin wani da wanda ba ya shiga. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba a duk shekarun nan, bai taɓa ɗaure ko ɗaya a jikin inji ba. Sau biyu ya leƙa gareji ya ba da shawara, sau biyun shugaban makanikai ya ce masa, "Mai sito, koma tagarka." Maganar ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Ya kawo gida ya rataya, ya tsaya a ƙarƙashinsa ya karkata kai.

"Uwar Biyu, zo ki ji. Agogon nan ɗingishi yake yi."

Matarsa ke nan, wadda ta haifa masa tagwaye mata, take kuma riƙe da ɗan shagon sabulu da sukari a ƙofar gida. Ta leƙo da ludayi a hannu. "Ni dai lokaci nake gani a jikinsa, Baban Biyu, kuma daidai yake."

"Ke ba ki da kunnen inji."

Kafin rana ta yi sanyi agogo ya koma ƙananan ƙarafa a cikin faranti. Ta tambaye shi yaushe zai mayar, ya ce saura kiris. Bayan mako ta sake tambaya, ya ce saura kiris. Ta ba maƙwabciyarta labari, maƙwabciya ta ba mijinta, kafin wata ya ƙare duk layin sun manta sunan da iyayensa suka sa masa, sun koma kiransa Saura Kiris. Shi kuwa bai ji haushi ba. A ganinsa kirari ne na mai aiki a tsanake.

Daga agogo ya koma kan tsohon babur ɗin marigayi mahaifinsa, wanda ya shekara ashirin a jingine bayan ɗakin girki, kaji na ƙwai a kan sirdinsa. A nan dai dole a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Wata bakwai yana kankare tsatsa da buroshin haƙori, yana jiƙa kusoshi a kananzir, yana shafa fenti siriri-siriri. Da ya turo shi ƙofar gida, tankin yana ƙyalli har mutum ya gyara hularsa a jiki. Ya tashe shi sau ɗaya, ya yi minti uku yana aiki lafiya lau, sai ya ce ya ji wani abu can ciki, ya kashe, ya buɗe inji. Bai sake tashi ba. Amma wa ya sani? Kullum da safe yana ƙofar gida ana goge shi da tsumma, mutane kuwa ido ke jansu.

Telan layin ne ya fara kawo nasa babur ɗin gyara, wai birki na kuka kamar ɓera. Saura Kiris ya tsuguna, ya rufe ido, ya dafa injin kamar mai duba zazzaɓi, sannan ya girgiza kai.

"Wa ya taɓa maka wannan?"

"Wani ne can bakin titi."

"Ya cuce ka. Bar shi, jibi ka zo."

Bayan Tela sai Mai Aski, nasa hayaƙi yake yi. Bayan Mai Aski sai Mai Burodi da babur ɗinsa mai ƙafa uku da akwati a baya, wai yana ja hagu. Kowa ya ji an cuce shi, kowa aka ce jibi ya zo.

Duk wanda ya shiga rumfar kwanon da ya kafa a bayan gida sai ya yaba. Gwangwanayen madara a jere, kowanne da takarda a manne, wannan notin tayar gaba, wannan na baya, wannan na salansa. Sarƙoƙi a rataye bisa tsawonsu, fitilu a naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Mai sito dai mai sito ne. Babu abin da ya taɓa ɓacewa a rumfar nan, babu kuma abin da ya taɓa komawa inda ya fito.

Bayan unguwar akwai hanyar da ke kaiwa babbar kasuwa, wadda ruwan sama ya cinye har ta zama kwazazzabo. Mota ba ta bi, babur ma sai mai ƙarar kwana. Kowa zagaye yake yi na kusan awa guda, har da Uwar Biyu in za ta saro kayan shago. Wata rana 'yarsa ɗaya, wadda take aikin jinya, ta zo gaishe su, ta miƙa masa wayarta.

"Baba, dubi abin da mutane ke ƙerawa a bayan gida."

Wata mota ce babu ƙofa babu gilashi, bututun ƙarfe ne kawai da manyan tayoyi, tana hawan duwatsu kamar akuya. Ya kalla sau goma sha ɗaya, har wayar ta mutu a hannunsa. 'Yar jinya ta ce a rayuwarta ta yi wa mutane allurar da ba ta ƙirguwa, amma ba ta taɓa yi wa kowa illa irin ta ranar ba.

Washegari ya tafi wurin ƙanin matarsa, Mai Walda, da zane a bayan kalanda. Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Yaya, ina gabanta?"

"Ga shi nan. Kai dai ka haɗa inda na nuna maka."

"To ribas fa? Ban ga inda za ta koma baya ba."

"Me za ta koma yi a baya? Mantuwa ta yi?"

"Birki fa?"

"Birki ai ƙarshen aiki ne. Ka taɓa ganin an ɗinka aljihu kafin riga?"

Mai Walda ya yi dariya har ya dafa bango, amma ya bi shi. Mijin yaya ne, ba a ƙi masa, kuma shi kansa yana son ya ga ƙarshen abin.

Ƙarfen da za a yi ƙasan motar shi ya fara gagara. Ana cikin haka Uwar Biyu ta tafi kwana biyar wurin ɗaya 'yar tata, malamar makaranta, da ba ta ji daɗi ba. Ta dawo ta shiga ɗaki ta tarar da katifa a ƙasa, an shimfiɗa mata zanin gado tsaf, har da filo biyu.

"Baban Biyu."

"Na'am. Sannu da hanya."

"Ina gadona?"

"Yana nan. Ci gaba ya samu."

Ta zagaya bayan gida ta ga gadon ƙarfen da ta haifi tagwaye a kansa, an yanke masa ƙafafu, an sa masa tayoyi. Ƙaninta yana ganinta ya sauke gilashin walda ya rufe fuska, ko wuta bai kunna ba. Ta daɗe a tsaye. Ba ta ce uffan ba, ta koma shago. Wanda ya san Uwar Biyu ya san gara ta yi faɗa da ta yi shiru, amma mijinta kunnen inji gare shi, ba na mutane ba.

Shekara huɗu aka yi ana ƙera motar nan. Ba don aikin ya kai na shekara huɗu ba, sai don duk abin da aka gama ranar Litinin, ranar Laraba Saura Kiris zai ga yadda za a fi kyautata shi. Sau shida aka sauya wurin zaman direba. Sau uku aka ɗora inji aka sauke. Ya rufe rumfar da tamfol ya ce ido na ɓata aiki, ba mai shiga sai shi da Mai Walda.

Tela ya zo sau ba adadi, da awo a wuya, a ƙafa.

"Maigida, babur ɗin nan dai. Ɗana da aka haifa makon da na kawo shi, yanzu shi ke ɗauko mini almakashi."

"Allah ya raya. Ka ga ai da shi da babur ɗin tare suke girma."

"Birki kawai na ce ka duba."

"Birki ka ce, amma ni abin da na gani ciki, in na gaya maka ba za ka ci abinci ba. Gaggawar me kake yi? So kake in ba ka abin da zai kashe ka?"

Tela mutum ne mai kunya. Kullum ya zo da niyyar tayar da jijiyar wuya, sai ya koma yana godiya an cece shi daga mutuwa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar da hantsi Saura Kiris ya aika aka shaida wa layin cewa kowa ya fito ya ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa ta kamfani, an goge ta, ya ɗora wata hular kwano da ta yi masa yawa. Shi da Mai Walda suka yaye tamfol suka turo ta waje.

Abin yana da tsayi, yana da faɗi, ƙarafa sun gicciye ta ko'ina kamar kejin zaki, tayoyin baya manya, na gaba ƙanana. Har an fara tafi.

Sai Tela ya matso, ya sunkuya, ya goge gefen injin da yatsa.

"Wannan ai injina ne. Ga inda ya tsage na liƙe."

Mai Aski ya zagayo ta gaba. "Fitilata ce wannan. Da madubina. La ila, kujerar nan ma ai tawa ce, wadda ka ce za ka gyara mini majinginarta!"

Mai Burodi kuwa ya tsaya ne yana duban ƙafafun baya da akwatin da aka ɗaure a kansu, inda har yanzu ana iya karanta rabin sunan gidan burodinsa a ƙarƙashin fenti. Wata tsohuwa ma daga ƙarshen layi ta gane hannun injin niƙanta, ya zama abin sauya giya.

"Jama'a, ku saurara," in ji Saura Kiris, ya ɗaga hannu biyu. "Ba wanda kayansa ya ɓace. Haɗa kanku na yi."

"Haɗa kanmu? Shekara huɗu ina ɗaukar burodi a ka!"

Hayaniya ta kaure. Mai Aski ya riƙe kujerarsa yana jijjigawa, Tela mai kunya ya tuɓe awo daga wuya yana naɗe shi a hannu. Saura Kiris ya duba hagu ya duba dama, ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa. Ya yi tsalle ya haye kujerar aski, ya taka kik. Allah da ikonsa, bugu ɗaya ta tashi, da wata irin ƙara da ta tarwatsa kajin layin. Ya ja hannun injin niƙa, ta zabura.

Kuma ta tafi. Wannan ne abin da har yau maƙiyansa ba su iya musawa. Ta bi layin a guje, ta sauka daga inda kwalta ta ƙare, ta shiga kwazazzabon da ya gagari kowa. Ta faɗa rami ta fito, ta taka dutse ta wuce, ta ratsa yashi tana watsa shi gefe biyu. Mutane suka bar faɗa suka bi ta a guje suna ihu. Shi kuwa a kan kujera, hular kwano na bugun hancinsa, ya ji wani abu ya kwance a maƙogwaronsa. Ya tuna tagar sito, ya tuna shugaban makanikai, ya so a ce mutumin yana raye yana tsaye a bakin kwazazzabon nan. Hawaye suka zubo masa, iska ta kwashe su zuwa kunne. Da ta kama hawan tudun da ke ɗaya gefen, ta hau ba ko tari, sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya ɗaga wa jama'a.

Kowane tudu kuwa yana da gangare.

Can baya Mai Walda yana gudu yana haki, Uwar Biyu ta cim masa ta riƙo rigarsa.

"Kai, ka sa mata birki?"

"Na sa, Yaya, wallahi na sa ranar Alhamis."

"To?"

"Jiya ya cire. Wai yana da tauri, zai sassauta shi."

Birkin yana rumfa, a cikin gwangwanin madara, da takarda a manne.

A gindin gangaren akwai masu buga bulo, da babban ramin da suke tara ruwa. Sun ga abu ya taho musu da mutum a kai yana taka wani wuri da babu komai, suka watsar da shebur suka yi ta kansu. Motar ta bi ta kan bulo ɗari biyu da aka shanya da safe, ta mayar da su yashi, ta daki bakin rami ta tsaya cak. Ita ta tsaya. Direba bai tsaya ba. Ya tashi sama da hularsa, ya sauka a cikin laka, ƙafar dama a ƙarƙashinsa.

Tela ne ya fara isowa. Ya dubi mutumin da ke nishi a cikin laka, ya dubi motar da injinta ke ci gaba da aiki. Ya wuce ya kashe injin tukuna, ya shafa shi ya ga bai fashe ba, sannan ya juyo.

"Sannu, Maigida. Ka ji ciwo?"

Ƙafa ta karye wuri biyu. Aka ɗaure ta da filasta tun daga idon sawu har cinya, aka kwantar da shi a kan katifar da ke ƙasa, abin da ya sa ko faɗowa daga gado ba a ji masa tsoro ba. 'Yar jinya ta ce wata uku ba takawa, kuma duk wanda ya miƙa masa sifana ita da shi ne.

Kwana biyu da faruwar abin Uwar Biyu ta tara su a tsakar gida, Tela da Mai Aski da Mai Burodi da ƙaninta, ta bar ƙofar ɗaki a buɗe don mai jinya ya ji da kyau.

"Ba zan ba ku haƙuri ba," in ji ta, "don ni ma ba wanda ya ba ni. Tambaya ɗaya zan yi. Auta, in aka wargaza abin nan, kowa zai samu babur ɗinsa?"

Mai Walda ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Yaya, ko ɗaya ba zai tashi ba. An yanke, an liƙe, an huda. Sai dai kowa ya samu abin ratayawa a bango."

"In aka bar ta fa?"

"Ai kin gani da idonki. Tafiya kam tana yi. Tsayuwa ce ba ta iya ba."

"To koya mata."

Daga ɗaki murya ta fito. "Kada wanda ya taɓa mini mota! Ba ku san tsarinta ba!"

Uwar Biyu ta tashi ta jawo ƙofar, ta dawo ta zauna.

Kwana tara Mai Walda ya yi. Ya mayar da birki. Ya yanke wasu ƙarafa goma sha uku da ba wanda ya san amfaninsu, ya cire fitilu huɗu cikin shida, ya ƙara benci a bayan direba, ya faɗaɗa akwati. Ribas dai bai samu ba, in ana son juyawa sai an zagaya ko a sauka a tura. Aka shafe ta da ragowar fentin ƙofar shagon aski, kore shar. Aka raba kwanaki, Mai Burodi kullum da sassafe, Tela Talata da Alhamis in zai je sayen yadi, Mai Aski Lahadi. Masu bulo aka ɗebo musu yashi na mako biyu suka huce. Tsohuwa mai injin niƙa ta ce ita dai a riƙa rage mata hanya. Mutanen layi suka sa wa motar suna Kowa Da Nasa.

Sauran kwanakin na Uwar Biyu ne, tunda duk abin a kan gadonta yake zaune. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce ƙaninta ya nuna mata. Rana ɗaya ta yi tana mutuwa a hannunta, rana ta biyu ta ture tulun maƙwabciya, rana ta uku ta ƙetare kwazazzabo ta dawo da katan shida na sabulu cikin minti ashirin.

Shi kuwa yana kwance yana ji. Kullum da safe bugu ɗaya take tashi, ta tafi, ta dawo. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ciwon ƙafa bai dame shi kamar wannan ba. Ya daina cin abinci sosai. 'Yarsa ta auna shi ta ce jininsa ya hau, ta tambaye shi me ke damunsa.

"Ba ki jin ƙarar nan? Kashe ta suke yi a hankali."

"Baba, lafiyarta ƙalau."

"Abin da kowa ke cewa ke nan kafin a ga gawa."

Ranar da aka ba shi sandar dogarawa, wurinta ya fara zuwa. Ya zagaya ta sau biyu yana ɗingishi. Ya ga koren fenti ya runtse ido. Ya nemi ƙarafansa goma sha uku bai gani ba. Ya ga ɓurɓushin burodi a akwati, da igiyar ɗaure katan a jikin sitiyari, da wani tsohon filo da matarsa ta ɗora a kan kujerar aski.

"Kun mayar da ita jaka," ya ce. "Doki na ƙera, kun mayar da ita jaka."

"Jakar ce ke kawo abin da kake ci," in ji Uwar Biyu daga cikin shago.

Ya sunkuya zai leƙa inji, sai ya ga an yi masa keji na ƙarfe, da ƙaton kwaɗo a jiki.

"Wannan fa?"

"Saboda ɓarayi, Yaya," in ji Mai Walda, yana kallon sama.

"Ina makullin?"

"Guda huɗu ne. Yayata da ɗaya, Tela ɗaya, Mai Aski ɗaya, Mai Burodi ɗaya."

"Nawa fa?"

Mai Walda ya tuna yana da ƙofar da zai liƙe, ya wuce.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya wa Mai Burodi cewa yana jin wani ɗan kaɗawa a giya ta biyu, yamma ɗaya kawai yake buƙata. Mai Burodi ya ba shi burodi mai zafi ya raka shi ƙofa. Ya je wa Mai Aski, Mai Aski ya kunna injin aski kusa da kunnensa ya ce ba ya ji. Tela kuwa, da yake shekara huɗu na tafiyar ƙafa sun rage masa kunya, ya saurare shi har ƙarshe, ya ciji zare, ya ce, "Maigida, jibi ka zo."

Sai ya koma zama a benci ƙofar gida. Duk baƙon da ya tsaya kallon motar, zai kira shi ya zaunar, ya bayyana masa yadda take a da, kafin jahilai su sa mata hannu. A bakinsa, ranar Asabar ɗin nan ba faɗuwa ya yi ba, gwajin ƙarfin ƙarfen gaba ya yi, kuma ƙarfen ya ci jarrabawa.

Da lokacin cire filasta ya yi, an yi ruwa kwana biyu a jere, hanyar zagaye ta cika, asibitin kuma yana can hayin kwazazzabo. Uwar Biyu ta fito da makulli ta ce ya hau. Ya nufi kujerar aski, ta nuna masa bencin baya da haɓa. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi layin da kowa ya fito ƙofar shagonsa, ya hau benci ya miƙe ƙafa a kan akwati.

Tun kafin su bar kwalta ya fara.

"Kin cika ba ta wuta. Sassauta. A'a, ba haka ba, ƙara. Bi ta dama, hagu akwai rami. Wa ya koya miki riƙe sitiyari haka? Sauya giya. Ba yanzu ba!"

A tsakiyar kwazazzabo, inda ruwa ke gudu ja wur har rabin taya, ta taka birki. Motar ta tsaya cak, ba kuka ba gardama. Ta juyo gaba ɗaya.

"Baban Biyu, shekara talatin da takwas ina jin bayaninka. Yau zaɓi biyu ne. Ko ka yi shiru, ko ka sauka ka nuna wa ruwan nan yadda ake tafiya."

Ya dubi ruwa, ya dubi filasta. Ya gyara zama.

Ta ja suka tafi. Ta hau tudun nan, ta sauka gangaren nan a hankali, masu bulo suka ɗaga mata shebur, ɗaya ya ce a gaida mai jiki. Iska tana bugun fuskarsa, benci yana jijjiga shi, motar tana cin ramuka ɗaya bayan ɗaya, kuma duk yadda ya kasa kunne bai ji komai a injin ba sai aiki. Sau biyu bakinsa ya buɗe da kansa, ya rufe shi.

A ƙofar asibiti mai gadi ya taso daga kujerarsa, ya zagaya motar baki buɗe.

"Ikon Allah. Wannan kuma daga wace ƙasa?"

Saura Kiris ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai. "Ni na ƙera ta. Da hannuna."

Mai gadi ya dubi filasta, ya dubi mai tuƙi. "Haka ne, Mama?"

"Haka ne," in ji Uwar Biyu, tana zare makulli tana ɗaure shi a bakin gyale. "Shi ya fara. Don Allah kama masa hannu ya sauko, ka kula da ƙafar dama. Kuma in ya ce maka ƙofar nan taku tana ƙara, kada ka ba shi ya duba."

Mai gadi ya kama shi ya sauko, suka shiga a hankali, ita a gaba da katin asibiti, shi a baya yana dogara sanda.